Baba Sannu-Sannu, Mai Cire Wayar da Ya Haɗa

Ƙarfe bakwai na safe zai ɗage ƙofar gareji, ya share ƙasa, ya jera sifanoni a kan tsumma, sannan ya amsa gaisuwa. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Direbobi ne suka laƙaba masa Baba Sannu-Sannu, kuma wallahi ya ci sunan. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don hannu ya fara rawa.

Ni ta dalilin ƙanena na san shi. Ƙanen nan nawa mayen gudu ne. Motarsa mai turbo ce, wato abin nan da ke ɗura wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Sai ya sayo wata 'yar na'ura mai aiki da lantarki, wadda ke ƙayyade yawan iskar. In iska ta yi kaɗan mota ta yi sanyi, in ta wuce kima inji ya tarwatse.

Na raka shi garejin Baba don a haɗa masa ita, na ga ikon Allah. Baba ya yini yana bin tiyon iska ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure kowanne, ya nisanta wayoyi da zafin salansa. Da ya gama, mota ta tashi ras, sai kawai ya sa hannu ya cire wayar na'urar.

“Haba Baba! Ka gama kuma ka ɓata?” in ji ƙanena.

“Shiga mu zaga, ɗana. Na ga yadda take in aikina na da rai. Saura in ga yadda za ta yi ranar da ya mutu.”

Ashe tiyon nan iri biyu ake haɗa shi. A haɗin masu gaggawa, in na'ura ta mutu iska ba ta da linzami. A haɗin Baba kuwa, in ta mutu mota lafawa take yi. Kuma bai taɓa sallamar mota ba sai ya gwada hakan da idonsa, sannan ya mayar da wayar. Ƙanena ya yi ta ƙunƙuni har gida, wai tsoho ya cinye masa yini.

Bayan wata takwas jikin Mama ya rikice, aka ce a garzaya da ita babban asibiti, tafiyar awa uku ta cikin daji. Muka ɗauke ta a motar ƙanena, ina baya riƙe da kanta. Muna tsakiyar hanya mota ta yi sanyi, ƙanena ya taka totur, ta ƙi zabura. Amma ba ta tsaya ba, haka ta yi ta jan jiki har ƙofar asibiti. Daga baya aka gano ɓera ne ya gwigwiye wayar na'urar. Likita ya ce da mun ƙara awa guda, da sai dai haƙuri.

Da muka je yi wa Baba godiya, ko ɗago kai bai yi ba. Cewa ya yi, “Buɗe bonet in ga wayar.”

Baba, kai ne ka tanadi ranar da ba ka nan. Har yau in na tuna, tsigar jikina tashi take yi. Masu sana'a, ku je ku zauna kusa da shi kafin wata ya ƙare, ku koyi tuhumar aikin hannunku.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Mama ta ce in gaishe ka, kuma ta ce ranar Asabar da ƙafarta za ta zo.