Hancin Lucjan

Ƙanena Lucjan tela ne a garin Bielsko. Tun yana saurayi yake ɗinka kakin sojan dā wa ƙungiyar da ke fita fili duk bazara tana kwaikwayon yaƙin kakanni. Manya ne da furfura, amma a kan yadi ba su san wasa ba: sai ulu zalla, shuɗi mai duhu. Gwajinsu ɗaya ne, a zare zare a kunna masa ashana. Ulu ƙaurin gashi yake yi. In an gauraya shi da roba, hanci zai gaya maka ko da toka ta ruɗi ido.

Lucjan kuwa tun ciwon da ya kwantar da shi hancinsa ya mutu. Ni kaɗai na sani, ni nake shinshina masa. Sai muka yi faɗa a kan gidan mahaifiyarmu, muka daina magana. A tsakanin nan masaƙar da yake sayen yadi a wajenta ta rufe, ya karɓi bandir daga wani ɗan kasuwa da ya rantse masa ulu ne, ya ɗinke shi kaf.

Ranar duba kaya na je filin, don jikana yana cikinsu. Shugabansu Rajmund ya riga ya kori tela ɗaya a kan roba. Ya juya gefen rigar da Lucjan ya ɗinka, ya fizgi zare, ya ƙyasta ashana, ya kai hayaƙin hancin Lucjan.

"To, sarkin almakashi, me ka ji?"

Lucjan ya ja numfashi. Ya sake ja. Kunnuwansa suka yi jajir.

"Bakinka ma ka ɗinke ne?" in ji Rajmund. Aka yi dariya, ban da shi Rajmund ɗin.

Iskar ta kaɗo wajena. Na ɗaga murya na ce, "Kai, wa ke babbake agwagwa da sassafen nan?"

Lucjan bai waiwayo ba. "Gashi na ji. Ulu ne."

Rajmund ya shinshina da kansa, ya murje tokar, ya ce a wuce.

Washegari sai ga Lucjan a ƙofata, rungume da jan yadin da zai yi kwalar riguna da shi.

"Yaya, kina da ashana?"

Na zare zare na ƙona, na shinshina, na ce, "Wannan rabinsa roba ne. Goge ƙafarka ka shigo."