Shekara Bakwai Babu Baba Ƙyalle, Mai Sa Yaran Asibiti Dariya

Shekara bakwai ke nan da muka rasa yayana, Malam Sabo tela, wanda yaran asibiti suke kira Baba Ƙyalle. Allah Ya ji ƙansa.

Abin ya faro ne lokacin da aka kwantar da 'yarsa Hauwa, mai fama da sikila. Ciwo ya hana ta cin komai, likita kuwa ya ce dole ta ci kafin a ba ta magani. Lallashi ya ƙare. Sai Yaya ya kifa kwano a kansa, ya riƙe cokali kamar allura, ya sauya murya mai 'yar shaƙewa a ƙarshe ya ce shi ne sabon likita, ya duƙa yana auna zazzaɓin ƙafar gado. Hauwa ta ƙyalƙyale da dariya, ɗakin duka ya ɗauka. Ranar ta sha kunu.

Sista Rifkatu, nas ɗin ɗakin, 'yar Unguwar Boro, ta tare shi a ƙofa ta ce, "Malam, don Allah ko an sallame ku ka riƙa leƙo mu."

Ya kuwa riƙa zuwa. Ya harhaɗa ragowar yadikan shagonsa na Tudun Wada ya ɗinka wata burgujejiyar riga mai launi barkatai, kowace Asabar sai ya rufe shago ya saka ta ya tafi. Wasu a unguwa suna ganin zubar da girma ne ga magidanci. Shi kuwa ya ci gaba da zuwa.

Yau in na je dubiya, nakan tarar an miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Me Yaya zai ce? Ina jin ba zai yi faɗa ba. Karɓar wayar zai yi, ya kara ta a kunne a kife, ya umarci ciwon ya tattara ya tafi. Kuma zai ji daɗin ganin samarin Romi da Tudun Wada, Kirista da Musulmi, da Sista Rifkatu ta haɗa bayan ta yi ritaya, suna zagaya gadaje sanye da jan hancin roba na barkwanci, suna sa yara dariya.

Kwanan baya na shiga keke, direban ya yi ta dubana ta madubi.

"Hajiya, ba ke ce ƙanwar Baba Ƙyalle ba? Na yi jinyar karaya ina yaro. Wallahi zafin ƙafar na manta shi, amma shi ban manta shi ba. Yanzu in ɗana ya ƙi shan magani, ni ma muryarsa nake yi."

Na ce ya yi mini in ji. Ya yi, har da 'yar shaƙewar nan ta ƙarshe. Muka yi ta dariya har ya wuce inda zan sauka.