Bebi, Jakadiyar Tirgam

Ƙungiyarmu ta 'yan Arewa a nan Greensboro ta ce a sa tarihin Bebi a ɗan littafin bikin ƙarshen shekara, tunda bana ta cika shekara goma a Amurka. Aka ce ni ce na san ta tun daga gida, don haka ni zan rubuta. To, ga shi. Mai son yabo zalla sai ya nemi wata.

Sunanta na baftisma Scholastica, amma ko fadan cocin da ya raɗa mata bai ƙara kiran ta da shi ba. Ni da ita duk 'yan Tirgam ne. Wanda bai san Tirgam ba kada ya ji kunya. Ƙaramar masarauta ce a kan dutse, dab da iyakar Kamaru. Mota ba ta hawa, a gindi ake barin ta, ka kama hanya da ƙafa tun safe, ka isa rana ta karkata. Amma muna da sarki, kuma ba wanda ya taɓa cin mu da yaƙi. Dabarar sarakunanmu zuma ce. In ɗan sandan Najeriya ya hau, a sallame shi da tulu guda. In jandarman Kamaru ya hau ta ɗaya gefen, shi ma tulu guda, daidai girman wancan. Kowanne ya sauka yana ganin mu nasa ne. Kuma Tirgam ba ta karɓar kyauta ta yi shiru. A wurinmu wanda ya karɓa bai mayar da komai ba ya zama bara.

Mahaifina ƙanen sarki ne, uba ɗaya. Ba alfahari nake ba, labarin ne ba zai fahimtu ba sai da wannan. Uwar Bebi kuwa tana cikin matan da ke ɗora tulunan zuman nan a ka su sauka da su kasuwa. Mace ce mai ƙoƙari, Allah ya ba ta hutawa. Bebi ta yi firamare ta tsaya. Ni an sauko da ni makarantar kwana ina yarinya, na gama sakandare, na auri Simeon, karatunsa ya kawo mu nan.

Bebi ta zo a 1989, renon 'ya'yan Dakta Lawal, malamin jami'a. Ni na je na ɗauko ta a filin jirgi, cikin tsakiyar sanyi, tana sanye da silifa. Kwat ɗin da ta fara sawa a ƙasar nan nawa ne. Ni na nuna mata yadda ake shiga bas, ni na hana ta durƙusa wa mai kawo wasiƙa. Da yaran Dakta suka tasa, ta sami aiki a ɗakin wanki na wani gidan kula da tsofaffi, ta kama ɗaki ɗaya a unguwar Glenwood, ɗalibai na ta kiɗa a samanta. Ranar Alhamis kuma tana goge gidan wata Baturiya, Misis Harrison, a unguwar Irving Park. A yi mata adalci: Bebi ba ta da ƙiwa, ba ta da gulma, in ta ninke zanen gado sai ka ce daga kanti ya fito. Ba ta yi aure ba. In an tsokane ta sai ta ce tsofaffin mazan da take wanke wa wando sun ishe ta.

A 1993 uwarta ta rasu, ta tafi gida. Tsofaffin da ke mutuwa a wurin aikinta sukan bar tabarau, iyalansu ba sa so. Ta roƙa aka ba ta, ta cika jaka guda da tabarau ɗin matattu. Ni kuma na ba ta saƙo ta kai wa sarki, agogon bango mai ruwan zinariya, mai yin kiɗa duk awa. Na zagaya kantuna kafin na same shi.

Tabarau ya yi suna a kan dutse. Tsofaffi suka yi ta gwadawa suna musaya, mai zaren da ta daina gani ta sa zare a allura, sarki ya ga fuskar jikokinsa. Agogona kuwa batir ya ƙare, aka bar shi a zaure yana nuna lokaci guda har yau. Laifina ne babu kantin batir a kan dutse?

Ta dawo da kaset. A falona muka sa shi. Sarki ya gaishe da mutanen Tirgam da ke ƙasar Amurka, ya gaishe da 'yar ƙanensa da mijinta, haka nan, ko suna babu. Sannan ya ce daga yau Bebi ce jakadiyarsu a can.

Duk wanda ya tashi kusa da fada ya san jakadiya. 'Yar aike ce ta cikin gida. Ta kai magana, ta dawo da magana, ta riƙe takalmi, ta ɗanɗana abinci. Ba abin kunya ba ne, amma ba sarauta ba ce. Sai Bebi ta ba Misis Harrison labari tana goge mata tagogi. Baturiya ta buga wa Dakta Lawal waya tana tambayar ma'anar kalmar, shi kuma, yana dariya, ya ce mata ai jakada shi ne ambasada. Shi ke nan. Cocin Misis Harrison suka gayyace ta, suka buga hotonta a takardarsu ta Lahadi da ɗankwalin da ni na ɗaura mata. Mutanenmu suka fara kiran ta Ambasada da wasa. A hankali wasan ya bushe, sunan ya zauna. 'Yata Confidence, wadda in na yi mata Hausa take amsa mini da Turanci, ita ma sai ta koyi cewa Anti Ambasada.

Matan cocin suka shirya wa Bebi liyafar rana a Irving Park. Ni na kai ta, don ba ta da mota. Aka zaunar da ita a kan tebur, ni kuma kusa da ƙofar kicin. Da aka fara tambayar ta yadda ake gaishe da ɗan sarki, na ajiye cokali na yi musu bayani da Turancin da ya fi nata. Na gaya musu ko wane ne ubana, na gaya musu aikin jakadiya tun daga takalmi har ɗanɗanon miya. Idon Misis Harrison ya kawo ruwa. Ta ce ai wannan ya fi ambasada kyau, mace da sarki ya yarda ta riƙe masa maganarsa a bakinta. Suka tafa mata. Bebi ta leƙo ni daga can kan tebur ta ce da Hausa, "Yaya, ki ci kazarki, tana hucewa."

A 1996 cocin suka ce za su ɗauki nauyin aikin idon Magajiya, yanar ido ta rufe mata duka biyun, kuma in ta zo a yi maganar famfon ruwa da suke son kafawa a kan dutse. Magajiya yayar sarki ce, goggona ke nan, ita ke riƙe da matan Tirgam, kuma sarki ba ya yanke magana da baƙi sai ya ji ta bakinta. A al'ada ba ta yi wa kowa magana kai tsaye, sai ta bakin jakadiya. Waɗanda kawai take duba ta yi wa magana su ne 'ya'yan gidan da ta ɗauka 'yan ɗakinta, kuma da sunan da aka raɗa musu a kan dutse take kiran su. Nawa Masi. Tun da ubana ya rasu ba wanda ya kira ni da shi. Simeon kuwa Celi yake ce mini, a wurin aiki Misis Simeon. Ba famfo nake so ba, ba hoto a takarda ba. So nake goggona ta dube ni ta ce Masi, a ƙasar nan da aka mai da ni direbar 'yar mai dakon zuma.

Na yi wa ɗakin baƙi fenti, na sayi gado da bargo mai laushi. Sai ga kaset, sarki ya ce masaukin Magajiya inda jakadiya ta zaɓa. Misis Harrison ta yi tayin ɗakin sama mai bayinsa a ciki. Na kwana biyu ba na cin abinci da daɗi. Sai Bebi ta ce musu a'a, Magajiya gidan jininta za ta sauka. Ranar na rungume ta, ba zan ɓoye ba.

Ban san da ita za a sauka ba. Ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta zo da tabarma da 'yar jakarta ta shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin da na yi wa fenti.

Da muka shigo da Goggo na durƙusa har ƙasa na ce, "Goggo, sannu da hanya." Ta juya kai wajen Bebi.

"Gaya wa 'yar ƙanena mun gode, mun same su lafiya."

Bebi ta maimaita mini, ina jin kowace kalma da kunnena. Na ce gajiya ce, kuma ba ta gani, a bari a yi aikin. Haka muka zauna. A gidana, in zan tambayi goggona ko tana son shayi, sai na tambayi Bebi ta tambaye ta. Na nemo garin dawa da ƙyar na tuƙa tuwo, Bebi ta fara ɗanɗana miyar, ta ce, "Gishiri ya ɗan yi yawa, Yaya, amma za ta ci." Da yamma sai in ji su a ɗaki suna dariya da yaren dutse. Ina jin yaren, bakina ne ya yi nauyi. Simeon ya ce al'ada ce, in bar ta. Na ce masa ranar da aka zo aka tare masa ƙofa a gidansa sai ya koya mini haƙuri.

A falona aka yi maganar famfo. Magajiya ta ce ba ta karɓa sai in cocin sun yarda su riƙa karɓar zuma duk shekara. Misis Harrison ta ce ba sa bukatar komai, kyauta ce. Bebi ta juya maganar, ta dawo da amsa: to, su riƙe famfonsu. Baturiya ta yi jajir, ta yarda. Ni na zuba musu shayi.

Ranar da aka kwance mata ido na sa leshina mafi kyau na tsaya inda za ta fara gani. Ta dube ni ta daɗe. Leɓenta ya motsa. Sannan ta ce wa Bebi, "Goshin ubanta ne sak." Na shiga kicin na yanka albasar da ba ni da abin yi da ita.

Washegari na tare Bebi wajen injin wanki na tambaye ta me take gaya wa tsohuwar a kaina. Ba ta yi fushi ba, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi da ita. Ta ce ta yi mini magana ba sau ɗaya ba, Magajiya ta ce 'yar ɗaki ita ce wadda ke hawa dutse.

"Yaya, rabonki da hawa tun ba a haifi Confidence ba. Ko da aka binne babanki kaset kika aika."

Na ce wa zai riƙe mini yara, wa zai riƙe mini aiki? Takardun zama ma lokacin ba su fito ba, in na fita ba dawowa. Ita da ba ta da miji ba ta da ɗa ai dole ta yi ta hawa da sauka. Kuma tun yaushe jini yake lalacewa don an ajiye shi? Ta ci gaba da ninke tawul ɗina. Ta ce ita dai 'yar aike ce, ni ma na faɗa a Irving Park.

Ranar komawa muka kai su filin jirgi, don Bebi ce za ta raka ta har gindin dutse. Simeon ya tafi wajen awon kaya. Bebi ta ce bari ta zagaya. Sai ya rage ni da Goggo, tana kan keken da ake tura tsofaffi, da sabon tabarau, bargona a kan cinyarta. Ba jakadiya, ba kowa. Ta ɗago kai ta dube ni, ta miƙo hannu ta kama wuyan hannuna. Na sunkuya har ɗankwalina ya taɓa kafaɗarta.

Ta ce, "Ina Bebi?"

"Ta shiga bayi, ranki ya daɗe."

Ta sake ni, ta mai da hannu kan bargo. Muka jira.

Wannan kaɗai ce maganar da goggona ta taɓa yi mini da bakinta tun da na girma.

An kafa famfo, yana aiki. Zuma na zuwa cocin Irving Park duk shekara ta hannun Bebi, takan ɗiba mini a 'yar kwalba. Har yanzu tana ɗakin wankin nan, tana Glenwood, tana tara tabarau. Masu son su san ko mutuniyar kirki ce, e, ita ce, ban taɓa cewa ba ita ba ce. A kaset ɗin bana sarki ya sake gaishe da 'yar ƙanensa. Magajiya kuma an ce ƙafa ta fara gaza mata.

Watan jiya Bebi ta zo gidana ta ga takalmi mai taurin ƙasa a bayan ƙofa, sabo, da takardar kanti a jiki. Ta ɗaga ta duba, ta ce zai yi, amma in fara sawa tun yanzu kada ya cije ni a tsakiyar hawa. Ban ce mata zan je ko'ina ba.

Ta ce, "In gaya wa Magajiya kina tafe?"

Na ce ina da bakina.

"Kina da shi, Yaya. In kin kai sama sai ki yi amfani da shi. Kafin nan dai sai ta nawa."

Na ce to ta gaya mata. Na ce kuma ta dawo mini da kwat ɗina, aron shekara goma ya isa.