Ƙaramar Tukunyar Madam Godelieve

Kullum da safe, ko ruwa ake ko iska, za ka ga Madam Godelieve a kan tsohon kekenta tana ratsa unguwarmu ta 'yan dakon tashar jiragen ruwa, kwandonta cike da kabeji da karas. Aikinta bai wa mutane shawara kan abin da za su ci. An ba ta ofis a asibitin unguwa, amma ba ta zama a ciki. Takan ce, "A ofis kowa waliyyi ne. Ni tukunyarka nake son gani." Sai ta shigo har kicin ɗinka, ta buɗe firji ba kunya, sannan ta zauna ku sha kofi.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma an ce ba za a ɗauki wani a madadinta ba. Shi ya sa nake wannan rubutu, zuciyata a dagule.

Dalilin mijina Staf na san ta. Ciwon suga ya kama shi, wani gyambo ya fito masa a ƙafar hagu ya ƙi warkewa. Likita ya ce in bai gyara cinsa ba, ƙafar za ta tafi. To a garin nan wa ya isa ya raba namiji da dankalin Juma'a? Duk Juma'a da yamma kowane gida kan ɗauki tukunyarsa zuwa shagon Rik, a cika ta da dankalin da aka soya da kitsen shanu, a lafta miyar nama da mayonis. Staf tukunyar uwarsa yake ɗauka, wata ƙatuwa da ta ciyar da 'ya'ya bakwai. Mu kuwa mu biyu ne jal, kuma sai ya ga gindinta.

Ranar da ta fara zuwa, ko tashi bai yi daga kujera ba.

"Madam, kin zo ki mai da ni zomo ne?"

"Zomo ai ƙafa huɗu gare shi, Staf. Kai biyu ne, kuma ɗaya tana shirin guduwa."

"Abin da ubana ya ci ke nan har ya mutu."

"Yana da shekara nawa?"

Gogan naka ya kau da kai, don tsohon ya mutu bai kai sittin ba.

Ba ta hana shi komai ba. Da ta dawo, sai ga ta da wata 'yar tukunya daga kicin ɗinta. Ta ce, "Je ka Juma'arka, amma da wannan. Sauran faranti ganye da kifi." Ta koya mini gasa kifi ba mai, ta raka ni kasuwa, ta jure ƙorafina.

Ya tafi da ita kuwa. Abokansa a layi suka yi masa caa: "Staf, ta wasan jikarka ka aro?" "An sa wa zaki takunkumi!" Ya daure. Suga ya sauka, gyambo ya fara bushewa, har na soma shirin zuwanmu bakin teku da rani.

Ashe Rik tausayi ya kama shi. A wurinmu abin kunya ne maƙwabci ya bar shagonka da ɗan kaɗan. Sai ya riƙa cika 'yar tukunyar, ya kuma naɗe wani a takarda ya miƙa masa kyauta. Abokai su ƙara masa giya a kan benci, ya share baki, ya shigo gida da tukunyarsa kamar mutumin kirki. Kowa ya sani, ba wanda ya gaya mini. Kafin rani aka yanke ƙafar daga gwiwa.

A asibiti na huce a kanki, Godelieve. Na ce wahalarki ta banza ce. Sai kika juya ga Staf kika ce, "Saura ɗaya. Me za mu ci gobe?" Ke ce kuma kika shiga layin Rik a Juma'ar da ta biyo baya riƙe da 'yar tukunyar, kika ce a gaban kowa, "Kun cinye masa ƙafa ɗaya da ƙauna. Don Allah ku bar masa ɗayar." Waɗanda ke wurin sun ce Rik ya kasa ɗaga ido, har dankalinsa ya ƙone.

Ke ce mai buɗe tukunya ba tare da tona asiri ba. Jana'izar mutanenki nawa kika halarta, washegari kika sake hawa keke? Ni kam na gaji, gaskiya. Shagunan suya ƙaruwa suke yi, yaran unguwa sun fi iyayensu ƙiba, ke kaɗai kina fama kamar mai kwashe ruwan kwale-kwale da cokali. Yanzu cokalin ma za a karɓe.

Na gode, Godelieve, ni da Staf da ƙafar da ta rage. Kin bar mana tukunyar, ni nake kai ta yanzu, Rik kuma ba ya ƙara ko ƙwaya ɗaya.

Amma jiya da nake sa wa Staf safa, na ga wani ɗan baƙi a babban yatsan ƙafarsa ta dama. Ban gaya masa ba tukuna. Ku matasan da kuka karanci wannan aiki, don Allah wani ya fito daga ofis ya hau keke kamar yadda ta yi. Gidanmu ne na uku daga shagon Rik, kuma ba na rufe ƙofar kicin.