Cikin da Safara'u Ta Ɓoye

Safara'u ta Sheme mace ce da ake misali da kunyarta, kuma kunyar nan ce ta ci ta. Shekarar da damina ta ƙi, dawa ta bushe a tsaye daga Faskari har Ƙanƙara, a shekarar ta samu cikin fari. A gidan surukai ba a buɗe baki a ce "ina da ciki", balle na fari. Sai ta ƙara zane ta yi gum. In ta tuƙa ɗan tuwon da aka auna, maza su ci, uwar miji ta ci, ita ta kankare ƙanzo ta kora da ruwa. Wata shida tana haka kafin tsofaffin gidan, masu cewa ba abin da ke wuce idonsu, su farga.

Ta haifi Gide, ɗan mitsitsi, kukansa ma sai an kasa kunne. Sannan kuɗin mai ya shigo ƙasa, mijinta Almu ya samu aikin titi, ga shinkafa, ga burodi, ga madarar gwangwani. Ta yi ta ɗura wa yaron, amma yana shekara biyar kamar ɗan biyu, kullum ciwo. Uwar miji ta yanke hukunci: jinin gidan su Safara'u ne ba shi da kyau. Maganar ta yi mata zafi, don ubanta ake zagi.

Ta ɗauki yaron har Zariya, wurin yayanta Abdulƙarim mai koyar da ilimin halittu, don ya wanke gidansu. Ya tambayi yadda cikin ya kasance, ta faɗa masa kai a sunkuye.

"Jininmu lafiya lau," in ji shi. "Abin da yaro ke gada kamar rubutu ne a jikinsa. Masu bincike sun fara zaton akwai wasu 'yan alamomi da ke hawa kan rubutun su rufe wani wuri, jiki ya daina karanta shi. Wataƙila yunwa tun a ciki tana sa su. Zato ne dai."

"Yaya, ana goge su?"

Ya ce bai sani ba.

Ta yi kuka a mota har Funtuwa. Ashe da ta buɗe baki sau ɗaya, da an ƙara mata loma, ba wanda zai hana ta. Tana isowa uwar miji ta tare ta a zaure.

"To, mi malamin naku ya ce?"

"Gaskiyarki ce, Inna," in ji Safara'u, kunyar dai ta hana ta ambatar yunwa. "Gado ne. Daga gidanmu ne."