Huhun Goron da Ya Yi Motsi

Duk abin da tsufa zai ɗauke mini, in Allah ya so ba zai ɗauke ranar da muka kai goron neman auren ɗan baffana ba.

A Zangon Kumasi aka haife mu. Kakanmu daga Kano ya zo fataucin goro, bai koma ba. Shi ɗan baffan nawa tun yana saurayi ya buɗe cinikinsa, yana bin jirgin ƙasa zuwa Sekondi, Allah kuwa ya sa masa albarka. Ciwonsa ɗaya ne: agogon aljihu. Bai taɓa dawowa babu sabo ba. Baffa ya tsani abin, har ya rantse duk agogon da ya gani sai ya jefa shi rijiya. Sai yaron ya ƙulle su a tsumma, ya tura can ƙasan wani huhun goro a ɗakin ajiya, kullum ya faki ido ya je ya murɗa musu kai.

To, ranar neman aure Baffa ya shiga da kansa ya zaɓi huhun da ya fi kyau. Shi ne kuwa mai agogunan.

Ni aka ɗauka don addu'a. Muna zaune a zauren surukai, an yi shiru za a shafa fatiha, sai kawun yarinyar ya karkata kunne.

"Malam, goronku numfashi yake?"

Baffa ya ce, "Haba, Maigida!" Ya kasa kunne shi ma, fuskarsa ta sake. Wani ya ce tsutsa ce. Kawun ya ce, "Tsutsar da ke tauna a jere kamar masu daka?" Nan take kowa ya ja da baya, aka ce in yi karatu. Na yi, wallahi, har da tofi. Ƙarar ba ta fasa ba. Aka kawo taɓarya.

Ango kuwa ya biyo mu a guje, yana maƙale a bayan katanga. Amma ina saurayi zai nuna fuska gaban surukai ranar neman aurensa? Yana jin komai, ba halin ya yi ko tari.

Allah ya taimaka uban yarinyar ya hana a doki huhun, ya kwance ganyen a hankali. Da agogunan suka zubo, sai ya tafa hannu.

"Masha Allah! Har da wannan kuka haɗo mana?"

Baffa ya dubi katanga, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Ai ba yawa."

Aka raba wa kawunai da baffanni, har ladan ya samu. Aka ba mu mata.

Tsofaffin nan ba wanda ya iya murɗa agogo, don haka ango ya shekara yana bin gidajensu da safe, yana durƙusawa ya gaishe su, ya tayar musu da kayansa.

Tun ranar na gane, abin da ka ɓoye wa mahaifinka, da hannunsa Allah zai sa ya kyautar da shi, kana ji kana gani.