Komon Yaya Habu, Wanda Ake Ji da Ƙirji

Daminar bana ce ta arba'in da ɗaya tun da muka kai Yaya Habu makwancinsa a gabas da Matamaye. Ni ne Ilu, ƙanensa, tsohon badukun da ya rage a gidanmu. Idona ya yi rauni, hannuna yana rawa, saboda haka jikata Rabi ce ke riƙe da alƙalami ni ina faɗa. Ta yi mini alkawarin ba za ta gyara mini magana ba. Ban yarda da ita ba, amma ba ni da wata.

Abin da ya tono mini wannan tsohon zance shi ne bikin da aka yi a unguwarmu watan jiya. An ɗauko makaɗan zamani daga Damagaram, da wayoyinsu da baƙaƙen akwatunansu masu ƙara sauti da injin kuran, wato wutar lantarki. A cikinsu akwai wani dogon mutum mai riƙe da gita mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda suke kira bas. Zan dawo kansa. Bari in fara da wanda ya riga shi.

Babanmu maharbi ne. Kafin Nasara su zauna da gindinsu a ƙasar nan, babu dajin da bai taka ba tsakanin Kance da Yauri. Kowane maharbi yana da takensa, wato kiɗan garayar da in aka yi shi, ko yana tsakiyar cin tuwo sai ya miƙe ya yi kirari. Yaya Habu, ɗan farin gidanmu, bai gaji baka da kibiya ba. Garaya ya ɗauka, yana sassaƙa ta yana kuma kaɗa ta. Baba yakan ce ya haifi maroƙi, amma duk wanda ya ga yadda yake miƙewa in ɗansa ya taɓa masa take ya san faɗa ce ta baki kawai. Kasancewarsa ɗan fari, daga Baba har Inna babu mai kiran sunansa. "Kai" ne, ko "wancan", ko "yaron nan", har ya yi gemu.

Wata bazara sanƙarau ya shigo gari. Ya ɗauki mutane da yawa, ya bar mana Baba da ransa, amma ya tafi da kunnuwansa duka biyu. A wannan lokaci kuma Nasara sun karɓe bindigogi, farauta ta ja baya, abin da ya rage wa maharba shi ne taronsu da takensu. Baba ya je taro sau ɗaya bayan ya warke. Yana zaune yana kallon abokansa suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, shi bai san inda aka kwana ba. Da aka zo kan takensa wani ya taɓa masa kafaɗa. Ya tashi ya kama kirari, kiɗa na gabas shi yana yamma, har aka daina kiɗan yana ta yi shi kaɗai. Babu wanda ya yi dariya. Kowa dai ya sunkuyar da kai, shi kuma ya gani.

Daga ranar bai sake fita ba. Ya koma zaure ya juya fuska ga bango. Tuwo ya zama koko, kokon ma sai ya kurɓa biyu ya ture. Wata safiya Inna ta fito da ƙwaryar kamar yadda ta shiga da ita, ta ce mana, "Mutumin nan ba ciwo ne zai kashe shi ba, shiru ne." Tun daga nan Yaya Habu bai da wani zance sai yadda Baba zai sake jin takensa kafin ya tafi.

Ya fara da abin da kowa zai fara da shi. Ya ɗaure garayarsa tamau har tana tsiwa, ya kai ta bakin kunnen Baba ya buga da ƙarfinsa. Kajin gida suka watse, Baba bai ko ƙifta ido ba. Da ya gane abin da ake yi sai ya ture ta, ya ja mayafi.

Ana cikin haka gardi, wato dogaran Nasara, suka zo neman mutanen aikin dole, masu ɗaukar itacen wayar tangaraho. Aka tafi da Yaya wata biyu. Ya dawo a rame, fatar kafaɗarsa ta saɓule, amma bakinsa har kunne, har na ɗauka rana ce ta taɓa shi. Bai ko sha ruwa ba ya ja ni gefe.

"Ilu, ashe ba kunne kaɗai ke ji ba."

Ya ce wata rana da tsaka an ba su hutu, ya jingina bayansa da itacen da aka riga aka ɗaura wa waya, iska tana kaɗawa. Sai ya ji wani gurnani yana bin ƙashin bayansa har haƙora. Ya toshe kunnuwa da yatsu, gurnanin yana nan. Ya ce siririyar murya a kunne take tsayawa, amma mai kauri jiki take shiga. Saboda haka zai yi komo, wato babbar garaya, irin wanda ba a taɓa yi ba.

Wata uku muka yi a kansa. Ya bi kasuwanni yana ƙwanƙwasa ƙore kamar mai neman aljani, har ya sami wani masaki a Yauri wanda yaro zai iya wanka a ciki. Matar da ke da shi ta ce ba na sayarwa ba ne, sai da ta ji labarin Baba ta juye geronta ta miƙa masa. Ya sassaƙa wuya da itacen marke, tsawonsa daga ƙasa zuwa haɓa. Fatar gada da ake rufe garaya da ita ba za ta isa ba, sai na kankare masa fatar maraƙi. Tsirkiya biyu kuwa da fatar bijimi muka murɗa su tana jiƙe, kaurin babbar ya kai ƙaramin yatsa, muka rataye su a reshen tsamiya da dutse a ƙasa har suka bushe.

Yadda yake gwada aikin ne ya sa unguwa ta ce Habu ya zautu. Sai ya cusa auduga a kunnuwa, ya ɗaure kai da rawani, ya manna masakin a cikinsa, ya ja tsirkiya ya rufe ido. In ka tsaya kusa abin da za ka ji bai fi bijimi yana nishi a bayan gari ba. Masu wucewa suna tambaya ko fura za a dama a ciki. Shi dai abu ɗaya yake nanata mini, "Fatar nan a sake nake son ta. Kada ka ja mini ita."

To, ga inda na shigo da tawa gwanintar. Duk mai garaya ko kalangu a ƙasar nan ya san in za a yi kiɗa sai an shanya kayan a rana ko an nuna wa wuta, fata ta ɗaure. Haka muka tashi muka gani. Ranar da aka sa za a kai wa Baba komon, Yaya ya leƙa gona da sassafe. Ƙarshen damina ne, akwai laima. Na danna fatar da yatsa na ji ta lotsa. Zuciyar badukanci ta ce mini wannan abin kunya ne, a ce fatar da ta fito daga hannuna ce haka lakwaf. Na ɗauki komon na jingina shi a bango inda rana ta fi bugawa, na koma ɗinkina ina jin daɗin kaina. Kafin azahar na ji ƙas. Fatar ta ja, masakin ya tsage daga baki har gindi.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Sabon masaki sai bayan kaka, in ma an samu, ga Baba ya kai inda sai an tallafe shi yake zama. Yaya ya dawo da fartanya a kafaɗa, ya tsuguna gaban komon, ya daɗe yana bin tsagar da yatsa. Na fi son ya mare ni.

"Ilu, wa ya aike ka?"

"Na ga ta saki ne, Yaya."

"Sakin nan shi ne aikin wata uku."

Iyakar faɗan ke nan. Sai ya ce in ɗauko, tunda ni na san hanyar rana. Na ɗora masakin a kai muka taka har Kance wajen wani gyartai, mai ɗinkin ƙwarya. Ya huda gefe da gefe ya ɗinke tsagar, ya ce in dai fura ce ba zai riƙe ba. Yaya ya ce ai ba fura za a zuba ba. Muka dawo muka sake jiƙa fata muka rufe, wannan karo a inuwa ta bushe, ni kuwa an hana ni zuwa kusa ko da taki uku.

Da ya ja tsirkiya sai ga wata zizar ƙudan zuma tana bin gurnanin, daga wajen ɗinkin. Yaya ya ɓata fuska, domin a kunnen makaɗi wannan aibi ne. Sai ya cusa audugarsa ya manna masakin a ciki ya sake ja. Na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya yake. Zizar nan ta sa kiɗan yana cakulkuli a haƙarƙari fiye da da. Har ya bar duniya bai yarda cewa ɓarnata ta yi rana ba. In na tayar da zancen sai ya ce, "Aikin gyartai ne."

Da hantsi muka shiga zaure. Na tallafe Baba ta baya, Inna tana laɓe a bakin ƙofa. Yaya ya durƙusa ya manna bayan masakin a ƙirjin Baba, shi yana riƙe da wuyan ta gefe. Baba ya ɗaga hannu zai ture kamar yadda ya saba. Yaya ya ja babbar tsirkiya sau ɗaya. Hannun ya tsaya a sama. Ni da ke riƙe da shi sai da na ji abin ya ratso bayansa ya shigo nawa ƙirjin.

Yaya ya kama taken a hankali, kamar mai koya wa yaro tafiya. A zagaye na biyu yatsan Baba ya fara taɓa gwiwa, daidai kan kiɗa. A na uku ya buɗe baki. Muryar ta yi tsatsa, amma kirarin ya faɗa inda ya kamata ya faɗa, ya tsaya inda kiɗa ya tsaya. Hawaye yana bin gemunsa bai share ba. Da Yaya ya saki tsirkiya, sai Baba ya cafke masa wuyan hannu ya ce, "Habu, ƙara."

Shi ne karo na farko da na ji sunan nan a bakin Baba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki. Can sai ga ta da fura, ba wanda ya aike ta, kuma ƙwaryar ta fita babu komai. Baba ya ƙara damina biyu a duniya. Ya koma taron maharba, ana zaunar da shi a gaba da komon a ƙirji.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan bas ta yanzu. Na san zai fara da tsiya. Zai ce me ake yi da tsirkiya huɗu alhali biyu sun isa, zai tambaya in kuran ya ɗauke wa ke kiɗan. Bayan nan zai nemi auduga. Kuma ina da tabbacin kafin la'asar ya lallaɓi mai ita ya kwance bayan akwatin don ya ga abin da ke gurnani a ciki. Zai yi kishi kaɗan, domin abin da ya ci mana wata uku da tafiyar Kance yanzu da yatsa ɗaya ake murɗo shi. Amma zai so ta, ba ni da shakka.

In an auna abin da ya rage na Yaya Habu, ba shi da yawa. Komon gara ta cinye shi tun da daɗewa. Babu hotonsa. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya ɗauki garaya, wayar tangarahon ma an kwashe ta. Abin da na riƙe shi ne ya toshe nasa kunnuwan wata uku don ya san inda ubansa yake zaune, kuma ranar da na kusa rushe masa komai bai bar ni da abin kunyar ni kaɗai ba. Ina kewarsa, kuma tsufa bai rage mini ko kaɗan ba.

Abin da ban faɗa ba tun farko shi ne ni ma yanzu kunnen ya tafi. Rabi sai ta yi ihu nake tsintar rabi. A bikin nan ina zaune ina kallon bakuna suna motsi, ƙafafu suna tashi, ni ban san inda aka kwana ba. A ranar na gane bangon da Baba yake kallo. Sai na ji bencin da nake kai yana rawa a ƙarƙashina. Na ce wa Rabi ta kai ni wajen akwatin dogon nan.

Na rungume akwatin na manna ƙirjina. Na ga mutane suna dariya, ban damu ba. Mai bas ɗin ya tsaya, Rabi ta ce mini yana tambaya ko lafiya, Baba. Na ce, "Ɗana, babbar tsirkiyar nan kaɗai nake so." Na buga masa taken babanmu da tafin hannu a kan akwatin, sau biyu. Mutumin yana da kai. Ya kama shi a hankali, ya shigo mini ta haƙarƙari, har da 'yar zizar nan, domin akwatin nasa ma ashe yana da tsaga a gefe.

Ni ba maharbi ba ne, ba ni da kirari. Da ya saki tsirkiya sai na ji na cafke masa wuyan hannu. Ni da ban taɓa kiran yayana da gatsal ɗin sunansa ba, na ce, "Habu, ƙara."

Rabi ta ce mini sunansa ba Habu ba ne. Bai gyara mini ba. Ya ƙara.